Bishof Tugwell a Ƙofar Kano, da Amsar da Tarihin Daura Ya Ba Shi

A watan Afrilu na shekarar 1900 wasu Turawa biyar suka shiga birnin Kano, 'yan alaro na biye da su ɗauke da akwatuna. Ba sojoji ba ne, ba kuma fatake ba. 'Yan mishan ne na ƙungiyar CMS ta ɗarikar Angilika, madugunsu kuwa Bishof Herbert Tugwell, wanda daga Ikko yake riƙe da majami'un ɗarikar na ƙasar Yarbawa da na gaɓar kogin Kwara baki ɗaya. Sauran huɗun su ne Likita Walter Miller, wanda Zazzagawa suka sani da Likita Mila, da limaman coci biyu, Richardson da Dudley Ryder, da wani mai suna Burgin. Sun zo neman izinin zama, su buɗe makaranta da ɗakin magani, su yi wa'azin addininsu. Sarkin Kano Alu ya saurare su, ya ƙi, ya yanka musu 'yan kwanaki su tattara ya-nasu ya-nasu su koma inda suka fito.

Ni mutumin Daura ne, kuma wannan tafiya ba ta kawo bishof ɗin garinmu ba. A Kano ta tsaya. Duk da haka ina ganin babu garin da ya fi namu cancantar ya yi magana a kanta. Dalili shi ne, akwai wani zato da ya ɗauko Tugwell daga bakin teku har cikin ganuwar Kano, kuma a Daura ne tarihi ya gwada wannan zato a fili, ya nuna ba shi da tushe.

Wane ne Tugwell

An haife shi a garin Salisbury na ƙasar Ingila a 1854. Ya yi karatu a jami'ar Kambirij, ya yi aikin limancin coci a wani ƙaramin gari mai suna Petworth, sannan wajen 1890 ƙungiyar CMS ta turo shi Ikko. Ya iso a lokacin da gidan mishan ɗin ke cikin rikici mafi muni a tarihinsa. Tun 1864 kujerar bishof ta yankin Kwara tana hannun Samuel Ajayi Crowther, Bayaraben da aka kama bawa yana yaro, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi a teku a 1822, ya yi karatu a Saliyo, har ya zama baƙar fata na farko da ɗarikar Angilika ta naɗa bishof. A 1890 wasu samarin Turawa masu zafin kai suka iso Lakwaja, suka tuhumi limaman Afirka da ke ƙarƙashinsa, suka dakatar da su, suka ci mutuncin dattijon a gaban jama'arsa. Crowther ya rasu a ranar ƙarshe ta shekarar 1891 da wannan baƙin ciki a zuciyarsa.

CMS ba ta yarda a sake ba ɗan Afirka kujerar ba. Aka naɗa Bature, Joseph Sidney Hill, amma zazzaɓi ya kashe shi da matarsa a Ikko a watan Janairun 1894, bai ko fara aiki sosai ba. A watan Maris na shekarar aka naɗa Tugwell a madadinsa. Manyan limamai 'yan ƙasa irin su Isaac Oluwole da Charles Phillips da James Johnson, duk da iliminsu da shekarunsu, a matsayin mataimaka suka tsaya har ƙarshen rayuwarsu. Sai a shekarun 1950 ɗan Nijeriya ya sake riƙe dayosis, wato yankin bishof, da kansa. Wannan tabo ne a kan zamanin Tugwell, kuma ba zan ɓoye shi ba.

Haka kuma ba zan ɓoye alherinsa ba. Tugwell ya yaƙi cinikin barasa da dukkan ƙarfinsa, a lokacin da kwalaben giyar Jamus da Holan ke shigowa ta bakin teku jirgi-jirgi, kuma harajinsu ne ke ciyar da gwamnatin Turawa ta Kudu. A 1899 ya rubuta wa jaridar Times ta Landan cewa shaye-shaye ne ke kashe mafi yawan Turawan da ke mutuwa a gaɓar tekun. 'Yan kasuwar Ikko suka fusata, suka maka shi a kotu da tuhumar ɓata suna, daga baya aka janye ƙarar. A wannan yaƙin, shi da sarakunan Musulmi bakinsu ɗaya ne. Kafin zuwansa ma, Etsu Nupe Maliki na Bida ya aika wa Crowther takarda yana kukan cewa barasa ta lalata masa ƙasa, yana roƙon a isar da ƙorafinsa ga Sarauniyar Ingila. Mutumin da ya yarda a gurfanar da shi gaban alƙali saboda ya faɗa wa 'yan'uwansa Turawa gaskiya, ba matsoraci ba ne, ba kuma mai neman abin duniya ba.

Zaton da ya kawo shi

Turawan mishan sun daɗe da kwaɗayin ƙasar Hausa. Tun 1841 wani Bajamushe, James Frederick Schön, ya fara tattara kalmomin Hausa a tafiyar da suka yi da Crowther a kan Kwara. Daga baya ya samu Dorugu, yaron nan na ƙasar Damagaram, daga yankin Kance da ke arewa da mu, wanda Heinrich Barth ya tafi da shi Turai. Daga bakinsa aka rubuta mafi yawan littafin Magana Hausa na 1885. A ƙarshen 1894 Charles Henry Robinson ya iso Kano, ya koma ya wallafa ƙamus. Miller da abokansa kuwa Tarabulus suka je suka koyi harshen a wurin Hausawa alhazai da fatake mazauna can.

A cikin wannan karatu nasu wani ra'ayi ya kafu a zukatansu. Suka ɗauka cewa Bahaushe Musulmi ne a baki kawai, wai takobin Fulani ne ya ɗora masa addinin a jihadin 1804, kuma ranar da aka sauke masa wannan nauyi zai juya baya ya karɓi wani. A ganinsu talakawa jira suke a buɗe ƙofa. Sun ga zaluncin wasu sarakuna, sun ga kasuwar bayi, kuma waɗannan abubuwa ne da suka faru, babu mai musunsu. Kuskurensu shi ne da suka ɗauki ƙorafin talaka a kan haraji da hari a matsayin ƙorafi a kan salla. Da sun tambayi malaman zaure, da an gaya musu cewa Wangarawa sun shigo Kano tun zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, Shehu Magili ya zauna da Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, Katsina kuwa ta yi Ɗan Masani da Ɗan Marina shekaru fiye da ɗari kafin a haifi Shehu Usmanu. Ai shi kansa Shehun bai ce ya kawo sabon addini ba. Gyara ya ce ya zo yi.

Lokacin da ba na baƙunta ba

Ko da zaton nasu gaskiya ne, sun zaɓi mummunan lokaci. A 1897 sojojin kamfanin Turawa na Kwara sun ci Bida da Ilori. A ranar 1 ga Janairun 1900 Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, ya ce dukkan Arewa ta shiga hannunsa, alhali bai ci Kano ko Sakkwato ba. Ta wajenmu kuwa, an kashe Bafaranshe Cazemajou a Damagaram a 1898, Faransawa suka dawo a 1899 suka karya Sarki Ahmadu Kuran Daga a Tirmini, suka zauna a birnin. Duk labarin da ya tashi daga Damagaram zuwa Kano ta hanyar fatake, ƙasar Daura yake ratsawa, don haka kakanninmu sun riga Kanawa jin abin da bindigar Nasara take yi. A cikin watan Afrilun da Tugwell ya shiga Kano ne ma Faransawa suka kashe Rabe, mai mulkin Barno, a Kusuri. Shi kuma Sarki Alu da yaƙin basasa ya hau gadon sarauta, ya yi shekaru yana fafatawa da Damagaram. Sarkin da Nasara suka kewaye shi kudu da arewa da gabas, yaya zai kalli Turawa biyar da suka faɗo masa gari ba da gayyata ba?

Sun tashi daga Ikko a watan Janairu, suka bi ta ƙasa har Jebba, inda suka sadu da Lugga. Ya gargaɗe su kada su wuce inda sojojinsa za su iya kare su. Ba su ji ba. A Zariya Sarki Kwasau ya karɓe su da fuska, don shi a lokacin hare-haren Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse, sun dame shi, yana neman wanda zai jingina da shi. Wannan tarba ta ƙara musu ƙarfin gwiwa, suka zarce Kano. A gaban Sarki Alu bishof ya yi bayani ta bakin tafinta. Amsar sarki, yadda su da kansu suka ruwaito ta, ba ta da kwana: Kano tana da makarantunta da malamanta, ba ta bukatar nasu, sun shigo ba da izini ba, in kuma zama suke so, to wannan magana ce ta Sarkin Musulmi a Sakkwato. Bai taɓa lafiyarsu ba, bai ƙwace kayansu ba. Sallamarsu ya yi.

A nan ne bambancinsa da Crowther ya fito. Crowther ya yi shekaru yana zuwa fadar Etsu Masaba a Bida, yana gaisuwa yadda ake gaida sarki, yana neman izini kafin ya kafa ko da rumfa, yana amsa tambayoyin malamai ba da cin fuska ba. Da haka ya samu wurin zama a Lakwaja da Egga. Hausawa sun ce da ɗan gari kan ci gari. CMS ta ture mutumin da ya san wannan, ta aiko wanda bai sani ba.

Suka koma kudu da Zariya, suka yada zango a Girku kusa da sansanin soja. Can atuni ya kashe Ryder, Richardson ya kwanta ciwo aka mai da shi gida, gobara ta cinye bukkokinsu. Daga ƙarshe suka janye zuwa Loko a bakin Binuwai. Bishof ya yi watanni a cikin wannan wahala tare da mutanensa, bai gudu ya bar su ba, sannan ya koma Ikko.

Abin da korar ta haifar

Labarin ya kai Landan, ya ba gwamnati kunya, ya kuma fusata Lugga. Bayan an ci Kano a watan Fabrairun 1903, aka ci Sakkwato a watan Maris, Lugga ya yi alkawari a bainar jama'a cewa gwamnati ba za ta sa baki a addinin Musulunci ba. Bayan tawayen Satiru na 1906 razdanoni suka ƙara ƙulle ƙofa: ba a barin ɗan mishan ya zauna a ƙasar sarkin Musulmi sai da yardar sarkin da ta gwamna. Kada mu ɗauka son addininmu ne ya sa su haka. Tsoron tawaye ne, da son mulki mai arha ta hannun sarakuna. Tugwell ya yi sauran shekarunsa yana jayayya da wannan doka, bai ci nasara ba. A 1919 aka raba dayosis ɗinsa biyu, a 1921 ya ajiye aiki ya koma limancin wani ƙauye a Ingila, ya rasu a 1936. Akwai cocin da ke ɗauke da sunansa a tsibirin Ikko.

Dokar ta kare mu ta wani gefe, ta cuce mu ta wani. A Kudu makarantar boko a hannun mishan take, kuma CMS ta buɗe sakandarenta ta Ikko tun 1859. A Arewa, da aka hana mishan, gwamnati ba ta cike gurbin da gaggawa ba. Sai 1909 Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, wanda shi ma ɗan mishan ɗin CMS ne da farko kafin ya koma aikin gwamnati, ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano. Kwalejin Katsina kuwa sai 1922 aka yi bikin buɗe ta. Wannan tazara ta shekara hamsin har yau muna biyan bashinta. Laifin ba na Sarki Alu ba ne, domin ya yi abin da kowane sarki mai hankali zai yi a ranar. Laifin na gwamnatin da ta karɓi harajin talaka ne ta ƙi gina masa makarantar da ba ta taɓa addininsa.

Gwajin Daura

Yanzu mu dawo gida. Lokacin jihadi Malam Isiyaku ya karɓo tuta ya ci Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Zuriyarsa ba su watse ba. Sun yi ta ƙaura a kan iyaka har suka kafu a Zango, wani reshe kuma a Baure, suna jingine da Damagaram, suna jiran ranar komawa. Kusan shekara ɗari ke nan tsohon gidan sarautar Hausa, gidan da ke danganta kansa da Bayajida da Daurama da rijiyar Kusugu, yana zaune a wajen ikon Sakkwato. In da Musulunci rigar aro ce da Fulani suka sa wa Bahaushe, to a Zango ya kamata a fara tuɓe ta, don babu wanda zai hana. Ba a tuɓe ba. Suna da limamansu da alƙalansu da makarantun allo, suna azumi suna hawan salla. Rigimarsu da masu tuta rigimar gadon sarauta ce.

Sai kuma Turawa suka yi a Daura abin da ba su yi a Kano ko Zazzau ko Katsina ba. A farkon mulkinsu suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka mayar da shi gadon kakanninsa, aka haɗe ƙasar wuri ɗaya. Ga dai abin da 'yan mishan suka yi ta fata ya tabbata: an sauke masu tuta, an mayar da Bahaushe. Me ya biyo baya? Ɗansa Sarki Abdurrahman ya hau a 1911, ya yi shekara 55 yana mulki a matsayin sarkin Musulmi, da shari'a da limamai da masallacin Juma'a. Alhaji Muhammadu Bashar ya gaje shi daga 1966 zuwa 2007, sannan Alhaji Umar Faruk Umar. Sallar Gani, bikin da ya fi kowane nuna tsufan sarautar Daura, a watan Maulidi ake yin ta. Daga Mai'aduwa zuwa Sandamu, daga Zango zuwa Baure, ba a ga jama'a sun juya baya ba. Haka ma labarin yake a Maraɗi, inda sarakunan Katsina na dā suka koma. Gani ya kori ji.

Abin da ya tsira

Wannan ba ya nufin tafiyar 1900 ta tashi a banza. Abin da ya tsira daga cikinta, ta hannun wanda ya zauna ya yi haƙuri ne ya tsira. Likita Mila ya dawo, ya shiga birnin Zariya a 1905 zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi, ya yi ta ba da magani yana koyar da yara. Wajen 1913 wasu daga cikin Isawa, mabiyan Malam Ibrahim da aka kashe a Kano a ƙarni na 19, suka neme shi da kansu. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, ciwon barci ya tarwatsa shi. A 1929 mishan ɗin ya koma Wusasa, aka gina cocin Saint Bartholomew da asibiti da makaranta, a 1932 kuma Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa. Wannan ƙaramar al'umma ce ta fitar da Dokta Barau Dikko, likitan farko ɗan Arewa kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Da John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. A can kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi. Duk Bahaushen da ya ƙi lissafa waɗannan cikin nasa, kansa ya rage wa arziki.

A ƙasar Katsina sai a shekarun 1930 ƙofa ta ɗan buɗe, ita ma ta hanyar jinya, da mishan ɗin SIM ya karɓi aikin kula da kutare a Babbar Ruga. Cocin Angilika kuwa ya bi ma'aikata da 'yan kasuwa 'yan Kudu zuwa unguwannin Sabon Gari, daga baya ya samu mabiya cikin Maguzawan karkara, Hausawan da tun asali ba su shiga Musulunci ba, waɗanda ba ta kansu ayarin 1900 ya bi ba da ya nufi fada. A 1954 aka kafa dayosis na Arewa, a 1980 na Kano, a watan Satumban 1990 kuma na Katsina, shekara casa'in bayan korar Tugwell. A wannan watan ne aka kafa na Sakkwato, aka ba Josiah Idowu-Fearon, mutumin da ya je jami'a takanas ya karanci Musulunci don ya san maƙwabtansa, wanda a 2015 ya zama babban sakataren ɗarikar Angilika ta duniya. Hanyar Crowther ce ta dawo.

Hukuncina a kan Tugwell shi ne: mutum ne mai gaskiya a niyyarsa, jarumi a kan barasa, mai juriya a wahala, amma ya yanke wa al'umma hukunci kafin ya san ta, ya kuma zauna a kujerar da aka hana waɗanda suka fi shi sanin ƙasa. Wannan cuta ba ta Turawa kaɗai ba ce. Yau a cikinmu akwai Musulmin da ke ganin Bahaushe Kirista ba cikakken Bahaushe ba ne, akwai kuma masu sake tallata tsohon zancen nan cewa Musuluncin Bahaushe na dole ne. Duka biyun rashin sani ne, kuma rashin sani ya fi dare duhu.

Ina kira ga malamai da ɗaliban tarihi na masarautarmu, musamman na Kwalejin Yusufu Bala Usman da ke nan Daura, su ɗauki alƙalami da rakoda su shiga Zango da Baure da ƙauyukan kan iyaka tun dattawa suna da rai. Su rubuta yadda kakanninmu suka riƙe addininsu a gudun hijira, su rubuta yadda Kiristocin da ke zaune tare da mu suka zo, da yadda aka zauna da su. In ba mu rubuta da hannunmu ba, wani baƙon zai sake zuwa ya rubuta mana zatonsa.